Ƙunshin Sinawa: A Tambaya Kafin A Kai Baki

Ɗan kasuwar da ya taso daga Kiru ko Tudun Wada ya shiga gidan abincin Sinawa a Kano, Abuja ko Guangzhou, inda ake jera kwanuka kowa ya zuba wa kansa, yakan tsaya cirko-cirko gaban ƙananan kwandunan gora masu fitar da tururi. Abin da ke ciki shi ake kira dim sum, abincin mutanen lardin Guangdong da Hong Kong, wanda suke ci da shayi, galibi da hantsi. Baƙuntarsa ba ta kai yadda ake zato ba. Turara abinci dai sana'ar uwayenmu ce: madambacin da ake dambu da shi a Bebeji aikinsa ɗaya da kwandon goran nan, alala ma ƙunshi ce da tururi ke dafawa. Awarar da yara ke talla a Kwanar Ɗangora kuwa asalinta daga Sin take, ita ce ake kira tofu, kuma tana cikin girkin gida na yau da kullum, tare da soyayyen ƙwai da tumatir.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da aka ƙunshe. Siu mai na gargajiya naman alade ne da jatan lande. Char siu bao kuwa burodi ne turararre mai gasasshen alade a ciki. Ko har gow, da ake ɗauka jatan lande ne zalla, wasu masu girki kan sa masa kitsen alade, sannan giyar shinkafa ta Shaoxing kan shiga miya da nama. A tebur mai oda kana da ma'aikacin da za ka tambaya. A layin zuba-da-kanka kuwa ido ne jagora, ido kuma ba ya ganin cikin ƙunshi, balle cokalin da ya zagaya kwano uku kafin ya iso hannunka.

Wani zai ce mafi sauƙi a ƙaurace wa abincin baki ɗaya. Wannan matsaya tana da sauƙi, amma ta manta cewa Sin na da Musulmi miliyoyi, 'yan ƙabilar Hui kaɗai sun haura miliyan 10, kuma gidajen abincinsu na ɗauke da alamar qingzhen, wato halal. A unguwar Wan Chai ta Hong Kong, a ginin Masallacin Ammar, akwai wurin cin abinci da ke yin dim sum da kaza da naman sa. Wani kuma zai ce tambaya abin kunya ce a gaban mutane. Ai mai tambaya ba ya ɓata, kuma mai gidan abincin da ke neman kuɗin Bahaushe ya san da wa yake ciniki.

Masu irin waɗannan gidaje a Kano su rubuta abin da ke cikin kowane kwano da Hausa, su ware wa kowanne cokalinsa.