Likitan Jarirai Mai Aiki Uku: Magani, Koyarwa da Bincike

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa, amma babban likitan jarirai a asibitin koyarwa uku yake taunawa: yana duba jarirai marasa lafiya, yana koyar da ɗalibai, yana kuma gudanar da bincike. Masu jego da yawa kan yi mamakin ganin taron masu fararen riguna a kan jariri ɗaya, ko su ji haushi idan sun wuni ba su ga babban likita ba. Wasu har sukan nemi sallama magani bai kammala ba. 'Yar'uwa, sanin yadda aikin yake zai kwantar miki da hankali tun kafin ranar haihuwa.

Yadda Yake Raba Lokacinsa

Kafin mutum ya zama ƙwararren likitan yara a Nijeriya, sai ya yi shekara 6 a jami'a, ya yi shekara 1 ta sanin makamar aiki, sannan ya ƙara wasu shekaru yana samun horo a hannun manya. Ba a ba shi shaidar ƙwarewa sai ya gabatar da binciken da ya yi da kansa. Bayan nan ma, jami'a ba ta ƙara masa girma sai da rubuce-rubucen bincike. Galibi da safe yake zagayen duba jarirai, da rana ya shiga aji, bincike kuwa sau da yawa sai dare. Duk da haka ba a barin ɗakin jarirai babu mai kula. Nas-nas da likitoci masu neman ƙwarewa suna nan dare da rana, kuma in abu ya yi tsanani kiransa ake yi ko ƙarfe nawa ne.

Ɗalibai a Gefen Gado

Zagayen safe magani ne, darasi ne kuma. Idan babban likita ya tambayi ɗalibi dalilin da ya sa jariri ke numfashi da sauri, ana sake bin bayanin jaririnki ne dalla-dalla a gaban idanu da yawa. Ɗalibi ba ya rubuta magani, ba ya kuma yin aiki sai da sa idon na gaba da shi. Kina da damar tambayar duk wanda zai taɓa jaririnki ko ya wanke hannu.

Amfanin Bincike

Fitilar nan mai shuɗin haske da ake haska wa jariri mai shawara, wata nas ce mai suna Jean Ward a asibitin Rochford na Ingila ta buɗe hanyarta. Ta lura haske na rage ɗorawar fatar jarirai, likitoci suka bincika, suka buga sakamakon a 1958. Amma kada a shanya jariri a rana a gida. Da an ga idonsa ya yi ɗorawa, a kawo shi asibiti.

Haka ma goyon ƙirji, inda uwa ke ɗaure bakwaini a ƙirjinta fata da fata. Dakta Edgar Rey ya fara shi a Bogota ta ƙasar Kolambiya a 1978, saboda ƙarancin kwalaben da ake sa bakwaini. A 2021 aka buga wani bincike da aka yi a Gana, Indiya, Malawi, Nijeriya da Tanzaniya, har da asibitocin koyarwa na Ile-Ife da Kumasi. Ya nuna cewa a cikin jariran da nauyinsu ya kama daga kilo 1 zuwa ƙasa da kilo 1.8, fara goyon nan da nan bayan haihuwa ya rage mutuwa da kashi 25 cikin 100. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin haka. Yardar waɗancan iyaye mata ce jariranmu ke cin moriyarta yau.

Haƙƙinki

Mutane da dama na ɗari-ɗari da bincike tun gwajin maganin Trovan kan yara a Kano, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wanda ya kai ga shari'a. A 2007 Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa. Ba a fara bincike sai kwamitin da ke kare haƙƙin majinyata ya amince. Idan an nemi sa jaririnki, dole a yi miki bayani da harshen da kike ji. Ki yi tambaya, ki yi shawara da maigida kafin ki sa hannu ko ki dangwala. In kin ƙi, ba za a rage wa jaririnki kulawa ba, in kin yarda kuma kina iya janyewa duk lokacin da kika so.

Duk mai son ganin babban likita ta faɗa wa nas mai kula da ɗakin, ta kuma kasance kusa lokacin zagayen safe. Muna yi wa masu juna biyu fatan sauka lafiya.