Bayan Kwasa Ake Sanin Mutum

Adashi ba shi da takardar yarjejeniya, ba shi da jingina. Mata goma za su riƙa zuba naira 5,000 duk Juma'a, ɗaya ta kwashi 50,000, wani makon wata ta kwasa, har layi ya zagayo kan kowa. Yarbawa na da irinsa, esusu, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma da sefa suke nasu. Ni ce uwar adashin matan layinmu a Zariya, kuma yawancin abin da na yarda da shi game da halin ɗan Adam, a littafin zubi na gan shi.

Kafin mace ta kwasa, zubinta ajiya ce. Kowa zai iya kawo kuɗin da ya san gare shi za su dawo, har da sammako. Ranar da ta kwasa kuwa, lissafi ya juya, zubi ya zama biyan bashi. Kuɗin sun riga sun shige keken ɗinki ko kayan ɗakin 'ya, ga sauran makonni a gaba, ba ta jiran komai. Daga nan nake fara kallonta. Akwai mai ƙosai da ba ta taɓa bari na aika mata yaro ba, kuɗinta duk maiƙo, amma cif. Akwai kuma wadda leshinta ya fi na kowa tsada, tana kwasa wayarta ta daina shiga, in mun haɗu a gidan biki ta ce, "Hajiya, ki yi mini haƙuri zuwa jibi." Jibin nan ba ya zuwa sai na cika daga jakata. Shi ya sa daɗin baki da yawan rantsuwa ba sa burge ni. Talauci ma ban cika ɗora masa laifi ba, don waɗanda suka fi ba ni wahala ba su ne marasa shi ba.

A farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Kowa ya samu uzuri na gaskiya. Duk da haka, masu kawowa sun kawo, wasu sun wuni a layin banki, wasu sun biya mai POS kuɗin cira mai ciwo don kada wata ta rasa kwasarta.

Sai aka cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar, farashi ya tashi, na lura da abin da a da ban damu da shi ba. Wadda ta kwasa a farko da ta ƙarshe, adadi ɗaya suka karɓa, amma ba mudun shinkafa ɗaya za su auna da shi ba. Ke nan wadda ta ce, "A ba Maman Biyu tukuna, haihuwa ta matso, ni a sa ni ƙarshe," kyauta ta yi, ko da ba wanda ya kira ta kyauta. Irin waɗannan matan ba sa yawan magana a taro. Idan aka zo neman auren ɗiyar ɗayansu aka tambaye ni, ba na dogon bayani, cewa nake a kawo kuɗin gaisuwa.