Farfaɗo da Tsohuwar Fijo 504 Domin Gasar Rali

Rali gasar motoci ce da ake yi a kan hanyoyin da jama'a suka saba bi, musamman na burji da na daji, inda motoci ke tashi ɗaya bayan ɗaya da tazarar 'yan mintoci, a auna lokacin da kowace ta ɗauka a zangunan da aka keɓe, sannan a tara lissafi a ƙarshe. Mutum biyu ne a kowace mota, direba da mai karanta hanya, wanda ke riƙe da littafin da aka rubuta kwanoni da ramuka da mararrabu a ciki, yana faɗa wa direba abin da ke gaba tun kafin ido ya kai gare shi. Wannan ya sha bamban da wasan mota da samari ke yi a titunan Kano lokacin biki, wanda ba shi da doka, ba shi da alƙali, kuma 'yan kallo ne suka fi cutuwa da shi.

Kano ba baƙuwa ba ce a tarihin wannan gasa. A watan Mayun 1974, ralin da aka shirya albarkacin Gasar Kofin Duniya ta ƙwallon ƙafa ya tashi daga Landan, ya ratsa hamadar Sahara, ya gangaro har Kano kafin ya juya arewa zuwa Munich ta ƙasar Jamus. Motoci 70 suka tashi, amma wani kuskure a littafin hanya ya ɓatar da da yawa daga cikinsu a Aljeriya, har ya zamana 19 ne suka kai ƙarshe, kuma biyar kacal suka cika dukan tafiyar. Citroën DS ta wasu 'yan Ostireliya ce ta zo ta ɗaya, sai dai ta biyu da ta uku da ta huɗu duk Peugeot 504 ne, motar da Hausawa suka fi sani da Fijo. A 1975 Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya ci ralin Safari na Kenya da irin wannan mota, kuma a shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, abin da ya sa 504 ta zama motar gwamnati, motar attajiri, daga bisani kuma motar haya tsakanin Kano da Kaduna da Katsina da Maraɗi.

Saboda wannan daɗaɗɗen sabo, mai son farfaɗo da 504 a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni a Kano ba zai rasa masu aiki ba, domin a garejojin da ke kewayen Titin Zariya da Titin Maiduguri akwai dattawan kanikawa da suka koyi sana'a a kan injinta, kuma Kasuwar Ƙofar Ruwa wuri ne da ake neman tsofaffin kayan gyara. Matsalar tana wani wuri dabam. Gyaran yau da kullum an gina shi ne a kan lallaɓawa, wato a ɗaure abin da ya kwance, a toshe abin da ke yoyo, mota ta koma hanya ta nemo kuɗin cefane, alhali shirin gasa yana neman a cire duk abin da ake shakka a kansa ko da bai lalace ba tukuna. Bakaniken da bai sauya wannan tunani ba, komai ƙwarewarsa, zai fitar da mota mai kyan gani wadda ba za ta wuce zangon farko ba.

Aiki na farko, kuma mafi tsawo, shi ne na jikin motar. Salun ɗin 504 ba ta da shasi dabam da jiki, domin jikin ne da kansa yake ɗauke da injin da ƙafafu da duk wata jijjiga, don haka tsatsa ko tsagewa a cikinsa ba aibin ado ba ne, raunin ƙashi ne. Ana kwance motar gaba ɗaya har sai ƙwangar ƙarfe ta rage, a kankare fenti da fotin da masu gyaran jiki suka daɗe suna shafawa don ɓoye lotsawa, sannan a duba daɓen ƙasa, da ƙarƙashin ƙofofi, da kawunan da shokazoba na gaba ke ɗaure. Busasshiyar iskar Kano tana sassauta wa ƙarfe fiye da gishirin Legas, amma motar da ta yi shekaru tana ɗaukar fasinja da buhuna fiye da ƙima tana da wata cutar da ido ba ya saurin gani, ita ce gajiyar ƙarfe, wato ƙananan tsagu da ke fitowa a inda ƙarfe ya sha lanƙwasuwa sau da yawa. Shi ya sa motar wani tsohon ma'aikaci da ta daɗe a ajiye a gida ta fi motar tasha daraja a wannan aiki, ko da injinta ya daskare. Bayan an yanke ruɓaɓɓen ƙarfe an sa sabo, mai walda yana bin mahaɗun jikin yana ƙara musu ɗinki, domin ɗigon waldar masana'anta an yi shi ne don tafiyar kwalta.

Injin ba ya ba da wahala sosai. Na lita biyu, mai silinda huɗu, silindojinsa na cirewa ne, don haka ana iya sauya su tare da fistin da ringi ba tare da an yar da bulok ba. Abin da ya fi ƙarin gudu muhimmanci shi ne sanyaya da tsafta: lagireto mai yalwa, sababbin tiyo, da matatar iska mai kyau, domin ƙurar burji, balle ta hunturu, idan ta bi ta kafireto ta shiga silinda, cinye ringi take yi a hankali.

Ƙafafu su ne sirrin nasarar 504 a Afirka, saboda suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, abin da ke ba ta damar haɗiye ramuka ba tare da tayoyi sun rabu da ƙasa ba. Ana sa shokazoba masu jure zafi, a ɗan ɗaga motar, a sauya duk robobin mahaɗai, a kuma ɗaura farantin ƙarfe mai kauri a ƙarƙashin injin da tankin mai don kada dutse ya fasa su. Bututun birki da na fetur ana janye su daga inda tsakuwa ke dukansu, man birki kuwa ana zubar da tsohon gaba ɗaya, domin yana shan danshi, kuma idan ya yi zafi ya tafasa sai direba ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse babu kamu.

Sai kejin kariya, wanda shi ne bututun ƙarfe da ake haɗawa a cikin ɗakin motar don ya hana rufi murƙushe mutane idan ta wuntsila. A nan ne arha ke kashe mutum, domin bututun ruwa ko na ƙera ƙofar gida, da ake samu a kowane shagon walda, tsagewa yake yi a wurin haɗi, kuma dokokin hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA, sun ƙayyade irin ƙarfen da kaurinsa da yadda za a kafa ƙafafunsa a jikin mota. Tare da kejin akwai kujeru masu rungume jiki, da bel mai madauri da yawa, da tukunyar kashe gobara, da makunnin da ke yanke wutar mota gaba ɗaya, da hular kwano.

Tsofaffin motoci suna da nasu babin a dokokin hukumar, wanda ake kira Rataye K, kuma jigonsa shi ne motar ta kasance kamar yadda irinta ta yi gasa a zamaninta, in ban da kayan kariya, waɗanda dole su zama na yau. Saboda haka al'adar da ta yaɗu ta dasa injin wata motar Japan a cikin Fijo tana iya hana ta takardar shaidar asali, kuma mai burin kai ta gasa irin East African Safari Classic, wadda aka fara a 2003, ya kamata ya karanta sharuɗɗan masu shiryawa tun kafin a kwance ƙusa ɗaya, ya kuma ajiye hotuna da lambobin injin da na jiki na kowane mataki, domin su ne masu binciken gasa ke tambaya ranar duba motoci.