Me Ke Hana Gyaran Makarantun Birni Ɗorewa?

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano. Dattawan cikin badala sun yi fatan alheri, sai dai ba yau suka fara jin irin wannan shela ba. Sun ga shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, a 1976, lokacin da aka cika azuzuwa da yara kafin a horar da isassun malamai. Sun ga ciyarwa da kayan makaranta kyauta a zamanin Gwamna Kwankwaso, sun kuma ji Gwamna Ganduje a 2019 yana shelar ilimi kyauta kuma dole.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kowane shiri da ubangidansa, in ya sauka shirin ya bi shi. Wa'adin gwamna shekara huɗu ne. Gini da fenti ana iya nuna su kafin zaɓe, amma yaron da ya iya karatu da rubutu sai an yi shekara shida ana ɗawainiya da shi. Don haka kuɗi ke tafiya ga bulo da kwano, malami ya zauna jiran ƙarin girma.

Leƙa wata firamare a cikin birni da hantsi. Yara a ƙasa gwiwa da gwiwa, littafi a cinya, malama ɗaya tilo muryarta ta dushe, na baya ba sa ko hango allo. Faɗaɗa makarantar ma aiki ne, don gidaje sun kewaye ta, ko'ina lungu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da hakan ya haifar. Duk mai ɗan hali ya mayar da 'ya'yansa makarantar kuɗi, ko da a gidan haya aka buɗe ta. Waɗanda za su iya ɗaga murya a ji sun janye ke nan, an bar 'ya'yan mai faci da mai ƙosai, waɗanda talla da kasuwar Kurmi ke jansu tun kafin aji shida.

Amma akwai abin da ya ɗore. Makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da aka buɗe a 1977, an yi musu hukumarsu ta kansu, ana shigarsu da jarrabawa, gwamnatoci sun zo sun wuce suna ci gaba da fitar da waɗanda suka zama likitoci da injiniyoyi. Islamiyyar unguwa ma haka: jama'a suka gina, su ke biyan malami, in ya yi fashi kwana biyu limami zai aika a tambayi lafiya. Firamaren da ke bayanta kuwa, in rufi ya yaye, sai a rubuta takarda a jira.