Kafin ki ce a shafa wa ƙofar gida baƙin fenti

Uwargida, idan biki ya matso ko Sallah ta ƙarato, abin da maigida ke fara tunawa shi ne fentin ƙofa, kuma sau da yawa ke ce mai zaɓen launi. A 'yan shekarun nan ido ya koma kan launi mai duhu: baƙi, ko ruwan makuba irin na ƙofofin Chana da Turkiyya da ake gani a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Ba na musun kyansa, kuma yana ɓoye dattin hannun yara. Amma kafin a aika Birnin Kudu sayen galan, ki fita ki duba ina ƙofar taku ta fuskanta.

Dalili kuwa shi ne launi mai duhu yana shanye zafin rana, mai haske kuma yana mayar da mafi yawansa. A nan Kangire, a watan Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40 ko ya wuce. Baƙin ƙarfen da ya wuni a wannan rana yana iya haura digiri 60, wanda ya isa ya ƙona fatar yaro cikin 'yan daƙiƙu. Na ga haka da idona a gidan wata maƙwabciyata. Ƙyaurensu na ƙarfe ne, yana kallon yamma, aka shafe shi da baƙi saboda bikin ƙanwar mijinta. Da la'asar ɗanta mai koyon tafiya ya dafa shi da hannu biyu don ya miƙe. Sati guda ana jinyar tafin hannun. Ga zauren kuma ya zama kamar tanda, har bayan isha'i ƙyauren na huci.

Shi ma fentin ba ya jimawa. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyin dare, kullum haka, har fentin ya tsattsage, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta ci ƙasan ƙyauren. A Amurka ma, inda ake yin ƙofofi da wani haɗi na zaren gilashi da roba, masu ƙera su kan yi gargaɗi game da launi mai duhu a ƙofar da ke shan rana, don zafin na iya lanƙwasa ta.

To, shin a haƙura da duhun ke nan? A'a. Ƙofar da ke kallon kudu ko arewa ba ta shan ranar safe da ta la'asar gaba da gaba kamar ta gabas da yamma, ta cikin zaure kuwa ba ta da matsala. Idan taku na kallon yamma, ko dai a zaɓi launi mai haske, ko a sa mai walda ya kafa 'yar rumfar kwano a samanta. Inuwa ba ƙaramin abu ba ce ga launi. Zanen shanun nan na Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu ya daɗe ƙwarai, kuma a ƙarƙashin rufin dutse yake, inda rana da ruwa ba sa dukansa sosai.

Sai aikin kansa, kuma a nan ne masu fenti suka fi ha'inci idan ba a tsaya a kansu ba. A fara goge tsatsa da tsohon fentin da ya ɓamɓare, a wanke maiƙo, a bari ya bushe. A shafa jan fentin nan mai hana tsatsa tukuna. Sannan a yi shafi biyu marasa kauri, a bar kwana guda tsakaninsu. Shafi ɗaya mai kauri samansa kawai ke bushewa, cikinsa ya zauna danƙo, daga baya ya yamutse. Kada ki yarda a cika masa kananzir ko fetur don ya yi auki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, wajen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke kuma kafin ƙurar hunturu ta sauko ta manne a jikinsa. A yi da safe, ƙarfen na da sanyi.

Ranar gugar kuwa ki kwashe yara, mai ciki ma ta yi nisa. Wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga duwatsun zinariya ta fito. Ƙurar fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma kaɗan ma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. A yayyafa ruwa kafin a goge, a kwashe ɓarɓashin a ƙulle a leda, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, kada a bi shi da tsintsiya.