Mabushi kuma Mai Tattarawa: Tarihin Aikin Séamus Ennis na Ƙasar Ailan (1919-1982)

1. Gabatarwa

A fagen nazarin adabin baka an saba raba mutum biyu: mai fasaha da ke bayarwa, da manazarci da ke ɗauka ya adana. Manufarmu a wannan taƙaitacciyar maƙala ita ce mu duba wani mutum da ya haɗa matsayin biyu, wato Séamus Ennis, mabushin gargajiya na ƙasar Ailan, domin mu ga abin da haɗin nan ya ceto wanda taska ita kaɗai ba ta iya cetowa.

2. Abin Busar

Ana ce da abin busar nan uilleann, daga kalmar harshen ƙasar mai nufin gwiwar hannu. A nan za mu kira shi algaitar gwiwar hannu. Mai algaita na fadar Damagaram yana tara iska cikin kumatu yana shaƙa ta hanci, domin kada amo ya yanke. Shi kuwa mabushin Ailan ba ya sa baki ko kaɗan. A zaune yake, da zugazugi ƙarƙashin hannu guda yana hura jakar fata da ke ƙarƙashin ɗaya hannun. Daga jakar iska ke shiga bututu mai ramuka, wanda yatsu ke fitar da karin waƙa a kansa, da bututu 3 masu amo guda da ba ya sauyawa, da wasu 3 masu maɓallai da ake dannawa da gefen hannu don rakiya. Saboda haka koyonsa na cin shekaru, kuma da wuya a iya shi ba tare da an zauna gaban gwani ba.

3. Matakan Aikinsa

An haifi Ennis a 1919 a Finglas, kusa da birnin Dublin. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne kuma mabushi, a wurinsa ya fara koyo yana ɗan shekara 13. Daga baya ya yi aiki a wata maɗaba'a ta Colm Ó Lochlainn, inda ya ƙware wajen rubuta karin waƙa da alamomi.

Daga 1942 zuwa 1947 hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasar ta ɗauke shi aiki. Lokacin yaƙin duniya na 2 ne, mai ya yi wuya, don haka bisa keke ya zagaya yammacin ƙasar, musamman Connemara, mafi yawan aikin kuwa da alƙalami da takarda. Ya tattara waƙoƙi da karuruwa kimanin 2000, fiye da 200 daga bakin mutum guda, Colm Ó Caodháin. A 1947 ya koma gidan rediyon ƙasar, a 1951 kuma ya tafi BBC a Landan, inda ya ci gaba da ɗaukar muryoyin mawaƙan karkara har ya dawo gida a 1958.

4. Abin da Haɗin ya Haifar

Da farko, kasancewarsa mabushi mai jin harshen ƙasar ya sa mutanen karkara suka ɗauke shi ɗan hannu, suka sake da shi. Na biyu, abin da ya rubuta bai tsaya kan takarda ba: ya haddace shi, ya mayar da shi kan algaitarsa, yana bin gaɓoɓin waƙar yadda mawaƙa ke rera ta, yana kuma ba da labarin da ke tare da kowane kari. Na uku, a 1968, lokacin da mabusa suka ragu ƙwarai, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Na Píobairí Uilleann don koyarwa da farfaɗo da ƙirar kayan busar. Da ya rasu a 1982, ya bar wa Liam O'Flynn algaitarsa wasiyya, wanda ya ci gaba da busa ta. A 2017 UNESCO ta sa busar nan cikin jerin gadon al'adun ɗan Adam.

5. Kammalawa

A shekarar 1968 ɗin nan ne aka kafa a Yamai cibiyar da ta zama CELHTO, wadda ita da IRSH suka adana muryoyi masu yawa. Sai dai faifai na riƙe amo ne, ba ya riƙe yadda ake ɗora yatsa ko sarrafa numfashi. Shawararmu ita ce, duk binciken da sashenmu zai yi kan algaita, kakaki ko sarewa, a sa ɗalibi aƙalla guda ya zauna gaban mabushi ya koyi busar da kansa, a kuma rubuta yadda ake ƙera kayan tun maƙeransu na raye.