Ba Girman Kai Ba Ne, Hawan Jinin Ido Ne

Akwai wata magana da ta ishe ni a garuruwanmu na Ƙaraye da Rogo. Dattijo ya gamu da surukinsa a kasuwa, ya dube shi ya wuce, kafin la'asar zance ya karaɗe unguwa: wai tun da ɗansa ya samu aiki a Kano ya daina ganin mutane. Tsohuwa ta kasa shaida jikarta a gidan biki, a ce ta fara ruɗewa, ko a ce asiri aka yi mata. Zumunci ya yi tsami, har a kai ga gaba, alhali ba wanda ya tambayi lafiyar idonta.

Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne hawan jinin ido, wato gilakoma. Ruwan cikin ido ne ke kasa fita yadda ya kamata, ya riƙa danne jijiyar da ke kai gani ga ƙwaƙwalwa har ta lalace sannu a hankali, galibi ba ciwo ba ja. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano kusan kashi 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da ita. Cikinsu waɗanda suka san suna ɗauke da ita ba su kai kashi 6 cikin 100 ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance.

Hujjar masu zargi ba ta wuce guda: "Ai yana gani sarai! Jiya na gan shi yana ƙirga kuɗi, kuma kullum da asuba yana tilawa." To sai me? Karatu daban, gane fuska daban. Baƙin tawada a kan farar takarda a fili yake, kuma a gaban hanci ake riƙe shi. Ita kuwa fuska, bambancin Audu da Garba 'yar inuwa ce a gefen hanci da tudun kunci da tazarar idanu. Wannan siririn bambanci tsakanin haske da inuwa na cikin abin da gilakoma ke ragewa, sai fuska ta zama kamar atamfar da ta koɗe: zanen yana nan, adon ya tafi. A 2012 masu bincike a Landan sun gwada masu cutar da hotunan fuskoki, suka ga waɗanda cutar ta yi nisa, musamman in ta taɓa tsakiyar gani, sun fi sa'o'insu kuskure. A 2018 wasu a Faransa suka nuna mai cutar sai an matso kusa da shi fiye da mai lafiya kafin ya tantance namiji ne ko mace, fara'a ake yi ko fushi. Ka ga har murmushin da ka yi masa daga nesa bai isa gare shi ba.

Kuma ba duhu yake gani ba, balle ya yi kuka. Ƙwaƙwalwa takan cike gurbin da ya ɓace, ido ɗaya ya rufa wa ɗaya asiri. Shi ya sa shi kansa zai rantse maka idonsa garau. Da murya da tafiya da hula yake gane mutane, bai ma san da su yake dogara ba. Ranar da ka sake hula ka yi shiru, ka zama baƙo. Yanar ido da ciwon suga da mantuwar tsufa su ma suna kawo irin haka.

Don Allah a daina wasan nan na "Baba, ka gane ni?" Tozarci ne. Yi sallama ka faɗi sunanka da na gidanku. Matso kusa, ka tsaya inda haske ke dukan fuskarka, kada ka ba rana baya. Da magariba abin ya fi tsanani, a yi masa uzuri.

Sannan a kai shi awo. Karanta haruffan allo a shagon tabarau bai wadatar ba, sai an auna ƙarfin ruwan idon, an leƙa jijiyar, an gwada faɗin ganinsa. Ana yin wannan a asibitin ido na ECWA da ke Kano tun 1943, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Na san kuɗin mota daga Zarewa ko Yammedi ba wasa ba ne, amma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Maganin ɗigawa da tiyata ragowar suke tsarewa. Maganin kullum ne, ba a ajiye shi don an ga ba sauyi. Da azumi a tambayi likita yadda za a raba shi tsakanin sahur da buɗa-baki. A guji sayen maganin ɗigawa a kemis ba da takardar likita ba, domin wasu kan tayar da cutar in an daɗe ana sa su. Masu yawo da tsinke suna kwantar da yana kuwa, kada a bar su ko kusa da idon.

Cutar tana bin jini. In an same ta ga mahaifinku, ku 'ya'ya da ƙannensa ku je a duba ku, ko da kuna ganin allura a ƙasa.